Hoton Rijiyar Burtsatse a Facebook: Giba Ce Ko Nasiha?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, akwai wata tambaya da ta yawaita a 'yan shekarun nan, galibi daga matasanmu na ƙananan garuruwa. Siffarta kusan ɗaya ce duk inda ta fito: "Malam, rijiyar burtsatsen unguwarmu ta fi shekara a lalace. Rufin ajin firamare ya yaye tun damina biyu da suka wuce. Asibitin garinmu in dare ya yi babu ma'aikaci ko ɗaya. Idan na ɗauki hoto da wayata na sa a Facebook ko a zauren WhatsApp na gari, na ambaci kansila ko ciyaman, na yi giba? Dattawa sun ce tonon silili ne, abokai sun ce jihadi ne. Wanne ne gaskiya?"

Amsar a taƙaice: magana a kan dukiyar jama'a da haƙƙin jama'a ba ta cikin gibar da aka haramta, wani lokacin ma wajibi ce. Amma tana da sharuɗɗa, kuma mafi yawan abin da muke gani a zaurukanmu ya tsallake sharuɗɗan. Bari mu bi abin a hankali.

Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, talakan ƙauye in yana da kuka hanyarsa sananniya ce: mai unguwa, dagaci, hakimi, in an yi sa'a magana ta isa sakatariya. Mai ilimin boko ya rubuta wasiƙa zuwa gidan rediyon Kaduna ya zauna jira. Yau yaron da yake kai wayarsa shagon mai caji saboda garinsu ya yi wata uku babu wuta, a aljihunsa akwai kyamara da rediyo da jarida. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba tana tura saƙon murya ya isa Legas da Jidda kafin ta sauke tukunya. Wannan ni'ima ce, kuma kowace ni'ima za a tambayi mai ita a kanta.

Amma ƙaramin gari daban yake da birni. Wanda yake Abuja in ya soki minista, ya soki mutumin da ƙila har abada ba za su haɗu ba. A garinmu kuwa, kansilan nan sahu ɗaya kuke tsayuwa da asuba. Ƙanwarsa tana auren yayanka. Shugaban asibitin shi ya yi wa mahaifiyarka allura bara bai karɓi ko sisi ba. Ranar da ɗayanku ya mutu, ɗayan yana cikin masu ɗaukar makara. Wannan kusancin yana haifar mana da cuta biyu. Ta farko, kunya ta rufe bakin kowa, yara su yi ta shan ruwan kududdufi saboda ba wanda yake so a ce shi ya fara magana. Ta biyu, ranar da aka fara maganar sai ta zama ta ramuwar gayya, a haƙo abin da aka binne shekara talatin, zumunci ya watse, rijiyar kuma tana nan yadda take.

To me shari'a ta ce?

Giba, kamar yadda Annabi (SAW) ya fassara ta a hadisin da Muslim ya ruwaito, ita ce ka ambaci ɗan uwanka da abin da yake ƙi ko da gaskiya ne; in kuma ba gaskiya ba ne, ya zama ƙirƙira. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta kamanta mai yin ta da mai cin naman gawar ɗan uwansa. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma rubutu da hoto da saƙon murya duk hukuncin harshe suke ɗauka. Malamai tun da can suna cewa alƙalami ɗayan harsuna biyu ne. Babban yatsan da yake latsa waya a yau, alƙalami ne.

Sai dai malaman da suka tsananta a kan giba su ne kuma suka fitar da wuraren da ta halatta. Imamun Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa guda shida, kuma uku daga ciki suna taɓa mas'alarmu kai tsaye: kukan wanda aka zalunta ga wanda zai iya share masa hawaye, neman taimako don a kawar da ɓarna, da gargaɗin Musulmi game da abin da zai cutar da su. Suratun Nisa'i, aya ta 148, ta hana bayyana mummunar magana amma ta keɓe wanda aka zalunta. Hindu bint Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wajen Annabi (SAW) cewa ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, ta siffanta shi da rowa a bayan idonsa. Annabi bai ce mata ta yi giba ba, hukunci ya ba ta.

Yanzu mu tambaya: rijiyar nan ta wace ce? Ba ta ciyaman ba ce, ba ta jam'iyya ba ce. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, magudanan ruwa, kwashe shara da hanyoyin cikin gari, ya kuma ba su hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, kowacce tana da kasonta a rabon da kwamitin FAAC yake yi duk wata, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa alƙaluman rabon. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ma'ana, wanda ya tambayi inda kuɗin gyaran rijiya ya shiga, tambayar dukiyarsa yake yi, da ta marayu da zawarawan unguwarsu. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Dubi abin da ya faru da Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka yi masa. Annabi ya yi masa lissafi, sannan ya hau mimbari ya yi wa jama'a duka magana a kan ma'aikacin da yake karɓar kyauta saboda muƙaminsa. Buhari da Muslim duk sun kawo ƙissar. Darasi biyu ne a ciki: abin da ya shafi dukiyar jama'a ana faɗinsa a gaban jama'a, kuma a mimbarin aikin aka tsine, ba a tsaya yayata mutumin ba. Haka nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙ ya zayyana halayen masu mulkin ƙasar Hausa na zamaninsa, da harajin zalunci da gaisuwar da ake kai wa masu iko. Babu malamin kirki da ya ce Shehu ya yi giba.

A zamaninmu ma mun ga amfanin magana. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan haƙar zinare na jihar Zamfara, yara aƙalla 400 suka rasu. An tsabtace wasu ƙauyuka, amma Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka ta yi ta jira. Likitocin MSF sun ce ba amfanin ba yaro magani ya koma wasa a ƙasar da take cike da guba, sai an kwashe ƙasar tukuna. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin kuɗin aikin a 2012, watanni suka yi ta wucewa shiru. Wasu matasa da suka kira kansu Follow The Money, tare da wasu ƙungiyoyi, suka ɗauki maganar ƙauyen nan suka yi ta bugawa a intanet, har aka saki kuɗin a farkon 2013, aka fara aiki, yara suka samu magani. Wanda zai ce waɗannan matasa da sun yi shiru ya fi musu lada, to ya je ya faɗa wa iyayen yaran Bagega.

Amma wayar da ta taimaki Bagega ita ce dai ta tashe mu da asubar wata rana a Agustan 2014, ana ta kira ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai maganin Ebola ne. Kowa ya tura wa wanda yake ƙauna, da kyakkyawar niyya. Mutane suka kwana asibiti, aka samu waɗanda suka rasa ransu. Kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta isa ba. Shi ya sa akwai sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko, tabbatarwa. Aya ta 6 ta Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari, don kada mu afka wa mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Malaman tafsiri da yawa sun ce ta sauka ne a kan wani ma'aikacin zakka da ya dawo da rahoton cewa Banul Musɗaliƙ sun ƙi biya, alhali ba haka ba ne. Saura kaɗan a yaƙi mutanen da ba su yi laifi ba. To kai hoton da aka turo maka, ka je wurin da ƙafarka? A ƙaramin gari ba ka da uzuri, tafiyar minti goma ce a babur. Hoton na bana ne ko na shekara huɗu da suka wuce? Garinku ne ko wani gari a wata ƙasa? Sannan aikin na wa ne? Sau da yawa rijiyar da ake zagin ciyaman a kanta aikin mazaɓa ne na ɗan majalisar tarayya, ko na hukumar ruwa ta jiha, ko wata ƙungiya ce ta haƙa ta miƙa wa unguwa ta kula da ita. Allon da aka kafa a gefen aikin yakan faɗi wanda ya bayar da kwangilar da wanda ya karɓa. Karanta shi kafin ka rubuta. Ɗora wa mutum laifin wani zalunci ne, ko da shi ma yana da nasa laifin a wani wuri.

Kada mai turawa ya ce shi ba ruwansa, "yadda na gani haka na tura." A muƙaddimar Sahihu Muslim akwai hadisin da ya nuna cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya isa ya sa shi cikin maƙaryata. A hadisin Samura bin Jundub da Buhari ya kawo, an nuna wa Annabi (SAW) a mafarki azabar mutumin da ake tsaga masa baki da hanci da ido har ƙeya, laifinsa shi ne yana fita da safe ya yi ƙaryar da za ta karaɗe duniya. Magabata sun karanta hadisin nan suna tunanin ayari da mahaya. Mu kuwa abin yana tafin hannunmu. Kuma Bahaushe ya ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Sharaɗi na biyu, a fara da ƙofar gida. An taɓa ce wa Usama bin Zaid me ya hana shi yi wa Halifa Usman magana, ya nuna musu cewa ya yi masa tsakaninsu, ba sai sun ji ba, don ba ya so ya buɗe ƙofar fitina. A ɗaya gefen, lokacin da Marwan yana gwamnan Madina ya gabatar da huɗuba kafin sallar idi, an yi masa inkari a filin idin, kuma Abu Sa'idil Khudri ya goyi bayan inkarin. Babu karo tsakanin biyun. Asalin nasiha sirri ne, saboda manufar ita ce gyara. In ɓarnar a fili take, cutarta tana kan kowa, an bi ta sirri ba a ji ba, to bayyanawa ta halatta gwargwadon buƙata.

A aikace, ɗan uwa, kana da lambar kansilan nan, ka san ƙofar gidansa. Ka kira shi? Kun haɗu ku biyar da dattijo ɗaya kun je sakatariya da takarda, an buga muku hatimin karɓa, kun riƙe kwafi? Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukumar gwamnati, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Mutum nawa ne a garinku suka taɓa gwada ta? In an yi duk wannan aka yi biris da ku, sai ka rubuta: ga rijiyar, ga ranar da ta tsaya, ga gidajen da suke sha daga gare ta, ga takardar da muka kai ranar kaza, har yau shiru. Irin wannan rubutu ya fi zagi dubu nauyi. Zagi ana share shi da cewa ɗan adawa ne. Takarda mai hatimi da kwanan wata ba ta sharuwa. Sai dai in abin na gaggawa ne, kamar gada tana shirin ruftawa ko amai da gudawa ya ɓarke, nan kam a sanar da jama'a da hukuma lokaci ɗaya, rai ba ya jiran takarda.

Sharaɗi na uku, a tsaya a kan aikin, a bar mutuncin mutum. Wanda ya karɓi muƙami ya buɗe littafin aikinsa ga jama'a, bai buɗe ɗakin matarsa ba. Mu kuwa a zaurukanmu magana takan fara da kwalbati, kafin isha ta koma kan asalin kakan ciyaman, da sakin da aka yi wa 'yarsa, da yadda yake ɗingishi. Nan an bar halal an faɗa tsakiyar haram. In aka kai ga jifan mutum da alfasha ba shaidu huɗu, Suratun Nur ta yanke bulala tamanin da zubar da shaidar mai jifan. Ku tuna ƙissar ƙagen da aka yi wa Uwar Muminai A'isha. Madina a lokacin ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa. Kusan wata guda garin yana cikin ƙunci, har Aus da Khazraj suka kusa tayar da tsohuwar gaba a cikin masallaci. Cikin waɗanda suka yaɗa maganar akwai Misɗah, ɗan uwan Abubakar ne, kuma Abubakar ɗin ne yake ciyar da shi. Haka ƙage yake yi a ƙaramin gari, cikin gida yake fara ci. Magana zarar bunu ce. A waya ma ta fi haka, don kana gogewa wani ya riga ya ɗauki hotonta ya ajiye.

Mutuncin talaka ma yana cikin wannan sharaɗi. Don ka nuna asibiti ba gado, ba sai ka ɗauki fuskar mace tana naƙuda a ƙasa ba. Don ka nuna aji ba kujeru, ba sai ka haska fuskar yaro da yagaggiyar riga yadda abokansa za su riƙa tsokanarsa ba. Ɗauki rufin, ɗauki ƙasan, nemi izinin mutane. Kada wanda hukuma ta zalunta da sakaci kai kuma ka ƙara masa da tallata shi.

Sharaɗi na huɗu, adalci da niyya. Kowa ya san sojojin baka, waɗanda ake saka wa data da ɗan abin cefane su yabi wane su zagi wane. Irin wannan ko gaskiya ya faɗa, ba don Allah ya faɗa ba, ladansa yana wajen wanda ya saka masa datar. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta sa mu bar adalci. Ga ma'auni mai sauƙi da kowa zai auna kansa: da ciyaman ɗin na jam'iyyarka ne, ko surukinka ne, za ka sa hoton nan? Kuma ranar da aka gyara rijiyar, za ka koma ka ɗauki hoton ruwa yana zuba ka ce an gyara, Allah Ya saka? In gyaran ya ɓata maka rai saboda ka rasa abin suka, to ka san ba ruwa kake nema wa mutane ba.

Adalcin ya haɗa da juya kyamarar ta kalle mu. Wa ya kwance farantin solar rijiyar da dare? Wa ya saye shi a kasuwa yana sane? Wa yake juye shara a magudanar ruwa, in damina ta zo ya ɗauki hoton ambaliya? Kuɗin da aka tara gida gida don gyaran taransifoma, wa ya riƙe, ina lissafinsa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ku kuma masu riƙe da muƙamai, ku ji tsoron Allah, kada ku mai da kalmar giba garkuwa. Yaro ya nuna rufin aji a yaye, amsarsa kwano da kafinta ne, ko kuwa bayani na gaskiya: kuɗin bai zo ba, ko aikin na jiha ne, ga inda muka kai maganar. Aika masa 'yan sanda, ko kiran mahaifinsa a tsorata shi, zalunci ne a kan zalunci. Wanda ya nuna muku ɓaraka tun kuna da ikon toshe ta ya yi muku alheri, don akwai ranar da za a tambaye ku a kanta babu sakatare babu lauya.

Iyayenmu dattawa, kunya alheri ce, kuma mun gode da tarbiyya. Amma kunyar da take hana faɗin haƙƙin marayu malamai ba sa kiranta kunya, rauni suke kiranta. Maimakon ku ce wa yaran su yi shiru, ku shige musu gaba zuwa sakatariya; zafinsu da natsuwarku in suka haɗu, aiki zai yi kyau. Mu ma limamai da kwamitocin masallatai abin ya hau kanmu. Kuɗin da ake tarawa ranar Juma'a dukiyar jama'a ce. A riƙa liƙa lissafinsa a bango ko a tura a zauren unguwa duk wata. Ba zai yiwu mu nemi ciyaman ya buɗe littafinsa namu yana rufe ba.

Masu kula da zaurukan WhatsApp na gari, ku sani kamar mai gida kuke a zaurensa. Abin da aka faɗa a ciki kuna gani kuna iya hanawa, kuna da kaso. Ku sa doka a fili: duk wanda ya kawo ƙorafi ya faɗi wuri da rana da wanda aka tuntuɓa, duk wanda ya taɓa iyali ko asalin wani a goge, a ja masa kunne, in ya sake a cire shi ko ɗan waye.

Saboda haka ɗan uwa mai tambaya, je ka ga rijiyar da idonka, ka gano mai alhakinta, ka same shi da ladabi tare da manyanka. In bai ji ba, ka rubuta gaskiya tsurarta, ba ƙari ba zagi, ka tsaya a kan maganar har ruwa ya zo. In ka yi haka ba ka yi giba ba, muna ma fata Allah Ya sa ka cikin ladan duk wanda ya sha.

Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu, Ya shiryi shugabanninmu Ya ba su abokan shawara na gari, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Wallahu a'alam.